Sabar ta ƙi karɓar OPNsense daga filasha: ina matsalar take?

Tambaya: Malam, na samu tsohuwar sabar mai katin RAID, wato katin da ke haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar ɗaya, da faifai huɗu da kafofin sadarwa huɗu, ina so in mayar da ita katangar tsaro ta ofis da manhajar OPNsense. Da farko na kwafa fayil ɗin cikin filasha, amma sabar ba ta ma nuna filashar a jerin abubuwan da za ta tashi da su ba. Na sake rubutawa da Rufus, ta fara tashi, rubutu ya yi ta gudu a allo, sai ta tsaya a wani layi mai cewa "failed with error 19", a ƙasansa kuma an rubuta "mountroot>". Sau ɗaya ta wuce wannan wurin, amma da na zo zaɓen faifai ban ga komai ba sai da0. Shin sabar ce ba ta dace ba, in nemi wata?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawar neman wata sabar. Abin da ka bayyana matsaloli uku ne mabambanta da suka biyo juna, kowacce da inda take zaune, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke nuna cewa injin bai dace ba. Na ji daɗin yadda ka kawo ainihin rubutun da ya bayyana a allo, domin a irin wannan aiki layin ƙarshe da kwamfuta ta rubuta kafin ta tsaya shi ne kusan rabin amsar. Mafi yawan masu zuwa mini da wannan ƙorafi cewa kawai suke yi "ta ƙi", alhali ƙin tashi iri-iri ne.

Domin ka fahimci dalilin da ya sa filasha ɗaya take karantuwa a minti na farko sannan ta ɓace a minti na biyu, sai ka san cewa tashin sabar miƙa aiki ne daga hannu zuwa hannu. Manhajar da ke cikin madabod, wato BIOS ko UEFI, ita ce ke fara ganin filasha, kuma da direbobinta na kanta take karanta ta. Ita ce ke ɗauko ƙaramin shirin da ake kira loda, shi kuma lodan yana ci gaba da dogaro da ita har ya ɗora kanel, wato zuciyar tsarin aikin, a cikin RAM. OPNsense da pfSense, wata manhajar katangar tsaro irinta, dukansu a kan tsarin aiki na FreeBSD aka gina su, OPNsense ma daga pfSense ta ɓalle a shekarar 2015, saboda haka abin da zan faɗa ya shafi su biyun. Da zarar kanel ɗin FreeBSD ya karɓi ragama, sai ya sallami manhajar madabod gaba ɗaya, ya fara laluben kowace na'ura daga farko da nasa direbobin. A wannan gaɓar, ganin da BIOS ta yi wa filashar ɗazu ba ya amfana masa komai. Idan shi da kansa bai gan ta ba, to a wurinsa babu ita.

Matsalarka ta farko ka riga ka warware ta, amma zan ɗan tsaya a kanta saboda kada wani ɓurɓushinta ya biyo ka. Fayil ɗin da ake saukewa hoton faifai ne sukutum, da teburin rabe-rabensa da sashen tashinsa, don haka ba a jefa shi cikin filasha kamar takarda, shimfiɗa shi ake yi a kanta daga farkon ta, ya shafe duk abin da ke ciki. Wannan shi ne abin da Rufus ya yi maka, kuma shi ne abin da balenaEtcher da umarnin dd suke yi. Fayil ɗin OPNsense yana zuwa a matse, ƙarshen sunansa bz2, kuma ko da yake wasu manhajojin suna warware shi da kansu, ni na fi samun natsuwa idan na warware shi da 7-Zip na ga fayil mai ƙarewa da img da idona. Mai amfani da dd kuma ya tabbata ya rubuta wa na'urar gaba ɗaya, kamar /dev/sdb, ba wani sashe nata kamar /dev/sdb1 ba. Bayan an gama, Windows kan fito da saƙo cewa filashar tana buƙatar a yi mata fomat, saboda ba ta san tsarin fayil na FreeBSD ba. Ka rufe saƙon kawai, domin amsa masa da "to" yana rushe aikin da ka gama yanzun nan.

Ka kuma duba wane hoto ka sauke, domin OPNsense tana fitar da guda huɗu: dvd da vga da serial da nano. Wanda ya dace da kai, mai allo da kibod a gaban sabar, shi ne vga. Hoton serial yana aika duk rubutunsa ta kafar siriyal a gudun 115200, saboda haka mai kallon allo zai ga tashi ya fara sannan komai ya tsaya cak, ya ɗauka injin ya sandare, alhali shirin yana can yana jiran a shiga ta wata ƙofar da ba a kallo. Nano kuwa tsari ne da aka riga aka girka don ya zauna a kan kati ko filasha, ba abin girkawa ba ne. Sannan ka auna sahihancin abin da ka sauke da lambar SHA-256 da aka wallafa tare da shi. A Windows umarnin shi ne `certutil -hashfile sunan-fayil SHA256`, a Linux kuma `sha256sum`. Za ka samu jerin alamomi 64, kuma dole su yi daidai ɗaya bayan ɗaya. Ka lura da sunan fayil ɗin da ke gefen lambar, domin lambar matsattsen fayil daban take da ta warwararre. Aikin minti biyu ne, amma yana fitar da zargi ɗaya daga lissafi gaba ɗaya.

A cikin saitin madabod akwai abubuwa biyu da ke hana filasha fitowa ko tashi ko da an rubuta ta daidai. Na farko Secure Boot, wanda ke ƙin duk lodan da ba shi da sa hannun da ya sani, kuma lodan FreeBSD ba shi da shi, don haka sai an kashe shi. Na biyu kuma, sabar ba kamar kwamfutar tebur ba ce, tana da saitin da ke rufe kafofin USB na gaba, ko ma dukansu, saboda tsaro, kuma sau da yawa wanda ya yi amfani da ita kafin kai ya bar shi a rufe. A injinan Dell ana shiga saiti da F2, a na HP ProLiant da F9, jerin zaɓin tashi kuma F11 ne a duka biyun. Tunda taka ta kai har mountroot, waɗannan ba su ne suka tare ka ba yanzu.

To, mu zo kan kuskure na 19, wanda shi ne ainihin inda gizo ke saƙar. A harshen FreeBSD lamba 19 tana nufin na'urar da aka nema ba ta samu ba. Kanel ya tashi lafiya, ya zo zai buɗe tsarin fayil ɗin da ke kan filasha domin ya ci gaba, ya duba bai ga filashar ba, ya jira ɗan lokacin da aka ɗibar masa, sannan ya miƙa maka alƙalami. Wannan "mountroot>" ɗin ba mutuwa ba ce, tambaya ce yake yi maka: daga ina zan ɗauko sauran? Ka danna alamar tambaya, wato ?, sannan Enter, zai jero maka duk faifan da yake gani a wannan lokacin. Abin da ya fito a jerin nan shi ne zai raba maka gardama.

Idan ka ga da0 da sassanta a jerin, to filashar makara ta yi kawai. Ta bayyana bayan lokacin jira ya ƙare, kuma wannan ya yi daidai da labarinka na cewa sau ɗaya ta wuce, domin matsalar da ke zuwa yau ta ƙi zuwa gobe yawanci tsere ne tsakanin abubuwa biyu. Sabar tana da kaya da yawa da kanel zai tantance, ga katin RAID, ga na'urar sarrafawa daga nesa, ga kafofin USB da ke bi ta wasu mahaɗai a ciki, sai filasha mai nawa ta zo a ƙarshen layi. Maganin shi ne ka tsawaita jiran. Ka sake tayar da sabar, idan jerin zaɓin loda ya bayyana ka danna 3 domin ka fita zuwa wurin rubuta umarni, inda za ka ga OK, sai ka rubuta:

`set kern.cam.boot_delay=30000`

`boot`

Lambar a milisakan take, wato ka ce masa ya dakata sakan 30 kafin ya nemi faifan. Wannan saitin na tashi ɗaya ne kawai, ba ya zama, kuma ba ka buƙatar ya zauna, domin bayan an girka tsarin a faifan ciki filasha ta gama aikinta.

Idan kuwa jerin ya fito babu da0 sam, to ba makara ba ce, kanel ne bai iya magana da kafar da ka soka filashar ba. Kana tsaye a mountroot ɗin nan, ka zare ta ka mayar da ita wata kafa a bayan sabar, ka zuba wa allo ido. Idan ta kama za ka ga sabbin layuka sun fito, a cikinsu akwai mai fara wa da "da0 at umass-sim0", tare da sunan filashar da girmanta. Na fi son kafofin baya saboda a manne suke da madabod, na gaba kuwa ta waya da ƙaramin allo suke bi. Haka kuma, a tsohon inji na fi son kafar USB 2.0, mai baƙin harshe, a kan ta 3.0 mai shuɗi, domin direbobinsu daban ne, na farko ehci na biyu xhci, kuma miƙa ragamar xhci daga BIOS zuwa kanel shi ne wurin da tsofaffin madabod suka fi yin tuntuɓe. Idan saitinka yana da wani layi mai suna XHCI Hand-off, ka kunna shi. Ka kuma cire duk abin da ba dole ba daga kafofin USB, ka bar kibod da filasha kaɗai, musamman idan kana amfani da akwatin nan da ke raba kibod da allo ɗaya tsakanin injina da yawa.

Akwai hali na uku da ya kamata ka iya bambancewa. Idan lambar kuskuren ta zama 5 maimakon 19, ko ka ga layuka suna ta maimaituwa da "CAM status" da "Retrying command", to an ga filashar amma karatunta ne yake yankewa. A nan laifin na filashar ne ko na kafar, kuma babu wani saiti da zai gyara shi. Ka canja ta. Ba a buƙatar babba, mai 8GB ta isa har da saura, kuma a abin da na gani tsofaffin ƙananan filasha sun fi manyan na zamani biyayya a tsofaffin sabar. Akwai kuma jabun filasha da ke iƙirarin girman da ba su da shi, suna karɓar rubutu ba tare da ƙorafi ba amma abin da ka rubuta ba shi kake samu ba idan ka dawo karantawa. H2testw a Windows ko f3 a Linux suna tona asirinsu. Wata hanyar kauce wa filasha ɗungurungum ita ce ta na'urar sarrafawa daga nesa, iDRAC a Dell ko iLO a HP, inda ake maƙala hoton dvd ta hanyar sadarwa ya bayyana wa sabar kamar faifan gaske, sai dai a wasu injinan wannan damar tana buƙatar lasisi.

Yanzu sai matsala ta uku, kuma a nan nake so ka yi taka-tsantsan. Wannan da0 da ka gani a wurin zaɓen faifai, kusan tabbas filasharka ce da kanta. FreeBSD yana kiran faifan SATA da ke haɗe kai tsaye da madabod ada0, ada1, yana kiran NVMe nda0 ko nvd0 gwargwadon fitowar, amma filasha da faifan SAS da abin da katunan RAID da yawa ke nunawa duk da suna ɗaya yake kiransu, wato da. Saboda haka suna kaɗai ba ya isa, girman da aka rubuta a gefensa za ka duba. Ka shiga layin umarni, a OPNsense ana shiga da sunan root da kalmar sirri opnsense sannan a zaɓi 8, ka rubuta `camcontrol devlist` da `geom disk list`. Na farko zai nuna maka sunan kamfani da samfurin kowace na'ura, na biyu zai nuna girma.

Dalilin da ya sa faifanka huɗu ba su fito ba shi ne katin RAID yana tsaye tsakaninsu da tsarin aiki kamar mai gadi. Ba ya nuna faifan zahiri, abin da yake nunawa shi ne faifan da aka ƙirƙira a cikinsa, kuma idan ba a ƙirƙiri ko ɗaya ba, tsarin aiki ba zai ga komai ba ko da fitilun faifan huɗu suna ci kore shar. A injin da ya fito daga hannun wani, sau da yawa an goge tsarin kafin a sayar, ko kuma an kwaso faifan daga wata sabar, sai katin ya yi musu alamar Foreign, wato baƙi masu ɗauke da tsarin wani kati, ya ƙi taɓa su har sai ka ce a goge tsarin ko a shigo da shi. Ka shiga saitin katin, ta cikin saitin UEFI ko ta Ctrl+R a katunan PERC, wato katunan RAID na Dell, idan injin yana tashi a tsohon salo, ka duba halin da kowane faifai yake ciki.

Daga nan zaɓi biyu ne a gabanka. Ko dai ka ƙirƙiri RAID 1 da faifai biyu ka bar katin ya riƙe aikin, ko kuma ka mayar da katin yanayin HBA, wanda wasu ke kira Non-RAID, ya miƙa faifan ga tsarin aiki yadda suke. PERC H730 da H330 suna da wannan yanayin, H710 kuwa ba shi da shi a saitinsa. Wasu tsofaffin katunan kuma, idan an mayar da su HBA, sai su daina iya tayar da tsari, ka girka lafiya amma sabar ta rasa inda za ta tashi. Akwai kuma irin su B120i da B140i na HP, waɗanda sunan RAID kawai suke da shi, ainihin aikin direba ne ke yi, kuma babu wannan direban a FreeBSD, don haka sai an mayar da su AHCI, wato yanayin SATA na yau da kullum marar RAID, a saitin madabod kafin faifan su fito. Idan faifan NVMe ne ya ɓace, ka nemi saitin Intel VMD ka kashe shi ka sake gwadawa. Ga katunan MegaRAID da danginsu kuma, FreeBSD yana da direbobi biyu, tsohon mfi da sabon mrsas, kuma idan katin yana kawo kurakurai a ƙarƙashin tsohon, rubuta `set hw.mfi.mrsas_enable=1` a wurin loda yana miƙa shi ga sabon. Wannan saitin, saɓanin na jira, dole ka sa shi ya zauna bayan girkawa.

Ni dai a ra'ayina, katangar tsaro ba ta da abin yi da faifai huɗu masu juyawa. Abin da take ajiyewa tsarin aiki ne da fayil ɗin saiti da bayanan abin da ya wuce ta kanta, kuma ƙaramin SSD ɗaya yana ɗauke da wannan cikin sauƙi. Da ni ne, zan zare faifan nan in ajiye su don wani aikin, in haɗa SSD ɗaya ko biyu da kafar SATA ta madabod a yanayin AHCI, in girka da tsarin fayil na ZFS, biyun su zama madubin juna idan biyu ne. Ina fifita ZFS a nan ne saboda ba ya rubutu a kan tsohon bayani kai tsaye, sabon wuri yake rubutawa sannan ya juya alama, shi ya sa ɗaukewar lantarki ba zato ba ta cika barin sa a rikice ba kamar yadda take iya barin UFS, tsohon tsarin fayil na FreeBSD. Sai dai ZFS yana son ya ga faifan da idonsa. Idan ka ɗora shi a kan faifan da katin RAID ya ƙirƙira zai yi aiki, zai ma gane ɓarna idan ta faru, amma ba shi da kwafi na biyu da zai gyara da shi. Abu ɗaya da za ka kiyaye: faifan SAS ba ya aiki a kafar SATA, ko da ka samu hanyar haɗa su.

Idan faifan sun fito amma girkawa ta faɗi a wurin raba faifai, yawanci ragowar tsohon tsari ne ke hana ruwa gudu. Teburin GPT, wato teburin rabe-raben faifai, yana ajiye kwafi a ƙarshen faifai, ZFS yana da tambari huɗu, biyu a farko biyu a ƙarshe, tsarin RAID na madabod ma a ƙarshen yake ɓoye nasa bayanin. Shi ya sa mutum zai goge farkon faifai ya ɗauka ya gama, fatalwar tsohon tsarin kuma ta sake fitowa. Daga layin umarni, `gpart destroy -F ada0` yana rushe teburin, `zpool labelclear -f` tare da sunan sashen ko faifan yana cire tambarin ZFS, kuma gara ka fara da shi kafin ka rushe teburin, `graid status` kuma zai nuna maka ko FreeBSD ya kama faifan a matsayin ɓangaren wani tsohon RAID. Waɗannan umarnin ba sa tambayar ko ka tabbata, don haka ka karanta sunan faifan sau biyu kafin ka danna Enter. Faifan da aka ciro daga manyan akwatunan ajiya kuma wani lokaci sassansu na bayit 520 ne maimakon 512, kuma irin waɗannan sai an sake musu fomat tun daga tushe kafin su yi amfani.

Bari in ba ka labarin abin da ya taɓa cinye mini yini guda, domin sabar da ta fito daga hannun wani tana iya zuwa da shi. Na girka tsari a wata tsohuwar sabar, komai ya tafi daidai, na zare filashata, na sake kunnawa, sai ga wani tsarin daban da ban taɓa gani ba ya tashi yana neman kalmar sirri. Na sake girkawa har sau biyu ina zargin kaina. Da na gaji na ɗage murfin, sai ga wata 'yar filasha da ba ta fi farcen babban yatsa ba, ta yi ƙura, a soke a wata kafar USB da ke kan madabod ɗin a ciki, kusa da fanka. Masu injin na baya a kanta suke tayar da nasu tsarin, kuma ita ce ta farko a jerin tashi. Sabar da yawa suna da irin wannan kafar ta ciki, wasu har da gurbin katin SD. Ka buɗe taka ka leƙa kafin ka ci gaba, domin irin wannan tana iya zama ma ita ce da0 ɗin da kake gani.

Bayan girkawa, ka zare filasha kafin sabar ta sake tashi, kuma ka bar saitin madabod a salon da ka girka da shi. Wanda ya girka a UEFI sannan ya koma Legacy, wato tsohon salon BIOS, ko akasin haka, yana iya tarar da saƙon cewa babu abin tashi. Idan faifan yana bayan katin RAID, a wasu katunan sai ka nuna wa katin da kansa wane faifai ne na tashi.

Tsugune ba ta ƙare ba sai ka ga shafin sarrafawa a burauza, kuma a nan ne kafofinka huɗu za su iya rikita ka. FreeBSD yana sa wa kafar sadarwa suna ne daga direbanta: igb ko em ko igc ga katunan Intel, ix ga na Intel masu gudun gigabit 10, bge ko bce ga Broadcom, re ga Realtek. Lambar da ke biye da sunan ba lallai ta yi daidai da wadda aka buga a jikin ƙarfen ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka soka waya a kafa ɗaya, ka rubuta `ifconfig`, ka ga wacce ta nuna "status: active", ka rubuta sunanta a takarda ka manna a jikinta, sannan ka wuce ta gaba. Idan ka bar OPNsense ta raba da kanta, kafar farko take ba LAN, wato ɓangaren cikin ofis, ta biyu WAN, wato ɓangaren intanet, pfSense kuwa akasin haka take yi, kuma wannan bambancin ya sa mutane da yawa sun shafe awanni suna ƙwanƙwasa ƙofar da ba za ta buɗe ba, domin ta ɓangaren WAN a rufe shafin yake tun asali. Idan wata kafa ba ta fito a jerin ba sam, `pciconf -lv` zai nuna ta da suna mai fara wa da none, alamar cewa babu direban da ya karɓe ta. Kada kuma ka rikita kafar iDRAC ko iLO da kafofin sadarwa, kamanninsu ɗaya amma tsarin aiki ba ya ganin ta.

Adireshin LAN na asali shi ne 192.168.1.1, kuma na'urorin da kamfanonin intanet ke bayarwa da yawa su ma a wannan zangon suke. Idan WAN ya karɓi adireshi mai fara wa da 192.168.1 alhali LAN ma haka yake, katangar ba za ta san ta wace kafa za ta aika saƙo ba. Ka canja LAN zuwa wani zangon, misali 192.168.50.1, daga zaɓi na 2 a allon sabar, tun kafin ka soka wayar WAN. Ka kuma duba kwanan wata a BIOS, domin tsohuwar sabar da ta daɗe a ajiye batirin madabod ɗinta, wanda yawanci CR2032 ne, yakan mutu, agogo ya koma shekarun baya, sai takardun shaidar tsaro su ƙi karɓuwa, sabunta manhaja ya gagara. Wannan ya fi cizo ga mai girka sabuwar pfSense, domin shirin girkawarta na yanzu, Netgate Installer, sai ya samu intanet yake sauko da tsarin.

Ka gwada waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kana canja abu guda a kowane tashi, ka fara da kafar baya da tsawaita jira, sannan saitin katin RAID. Idan ta sake tsayawa, ka ɗauki hoton layuka goma na ƙarshe a allo, ka haɗa da abin da alamar tambaya ta jero a mountroot, ko sakamakon `camcontrol devlist` da `pciconf -lv` idan ka kai layin umarni, tare da samfurin sabar da na katin RAID ɗin, ka turo mini in duba.